Kafin a sayar da fili a kai yaro tuƙin jirgi: zaɓen hanya da yadda ake rubuta awanni

Duk sanda naje gida hutu sai na samu wanda zai tare ni, ko a ƙofar masallaci ko wajen ɗaurin aure, yace Kyaftin ƙaninka ne fa ya gama sakandare yace shi ba abinda yake so sai tuƙin jirgi, ta ina za mu fara? Wani ma kafin ya tambaya ya riga ya sa filinsa a kasuwa. Amsar da nake bayarwa a tsaye cikin minti biyar bata isa, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda yaron da kansa zai karanta, dan haka da kai nake ƙanina, ke ma ƙanwata dake nake, domin aikin nan ba na maza kaɗai bane, Kyaftin Chinyere Kalu mace ce kuma har shugabancin kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta taɓa riƙewa.

A wannan sana'ar ba takardar digiri ake fara tambayarka ba, littafin awannin da kayi kana tuƙi ake buɗewa, wanda muke cewa logbuk. Makarantar da ka zaɓa, ƙasar da kaje, kamfanin da ka karɓi aikinsa, duk ƙarshensu layi ne a cikin littafin nan, kuma wanda zai ɗauke ka aiki nan da shekara goma abinda zai gani kenan.

Kafin a biya ko sisi, kaje wajen likitan da hukumar jiragen sama ta amince dashi ayi maka gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya. Ido, kunne, zuciya, hawan jini, suga, da bambance launi musamman ja da kore. Gilashi baya hana mutum tuƙi in dai yana gyara ganin, mai AS ma a ƙa'idar duniya yawanci ba matsala, amma mai ciwon sikila ko wanda baya bambance launi gara ya sani tun kuɗin Alhaji suna aljihunsa. Kuma gwajin nan ba sau ɗaya bane, aƙalla duk shekara ake sabuntawa har ka bar aiki.

Tsanin lasin tuƙi hawa uku ne kuma ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ita ta kafa mafi ƙarancin sharuɗɗansa, hukumomin gida, NCAA a Najeriya da ANAC a Nijar, a kai suke gina nasu dokokin. Lasin farko PPL, shekara 17 da awa 40, wannan na tashi ne dan kanka ba'a biyanka. Na biyu CPL, shekara 18 da awa 200, ko 150 in kwas ne na haɗe a makarantar da aka amince da ita, daga nan ne ya halatta a biya ka albashi. Na uku ATPL, shekara 21 da awa 1500, shine yake baka damar zama kujerar hagu, ta kyaftin, da igiya huɗu a kafaɗa a jirgin fasinja. A tsakani akwai izinin tuƙi da na'urori kaɗai idan ba'a ganin waje, da na jirgi mai inji biyu, da jarrabawar Turancin rediyo wadda dole ka kai mataki na 4. Yawancin yara suna cin jarrabawar rubutu ta ATPL tun da wuri sai a ce suna da daskararren ATPL, ma'ana ilimin yana nan amma awannin basu cika ba.

To amma 1500 ɗin nan ba tuli ɗaya bace kamar buhun masara, kala-kala ce a ciki, kuma nan ne mutane suke faɗawa rami. Dole a ciki a samu awa 100 na dare, 75 na tuƙi da na'urori, 200 na tafiya daga gari zuwa gari, sannan babba, awa 250 a matsayin shugaban jirgi, ko aƙalla 70 na shugabanci na haƙiƙa sauran kuma shugabanci ƙarƙashin kulawar kyaftin, ko kuma 500 gaba ɗaya ƙarƙashin kulawa. Zaka ga mutum da awa 2000 amma ya kasa karɓar ATPL saboda gurbi ɗaya babu komai a ciki.

Maganar inda za'a koya bazan ja ta ba sosai. Muna da kwalejin NCAT a Zariya tun 1964, ga kuma kwalejin Ilorin, wasu suna tafiya Afirka ta Kudu, wasu Habasha, wasu Amurka musamman jihar Filorida. 'Yan'uwanmu na Nijar su lura, makarantar EAMAC da ke Yamai ta masu kula da zirga-zirgar jirage ce da masana yanayi da injiniyoyin na'urori, aiki ne mai kyau ƙwarai amma ba tuƙi ake koya ba. Akwai kuma hanyar soja, ta NDA zuwa makarantun tuƙi na sojan sama a Kaduna da Kano, gwamnati ce ke biya amma kai soja ne kafin ka zama matuƙi kuma shekarun da ka sa hannu a kai sai ka cika su, kar ka shiga da niyyar zamewa. Duk makarantar da zaka je, tambayar da ta fi ta kuɗi muhimmanci itace jirage nawa ne suke tashi yau, ba nawa ne a fake ba, malamai nawa, ɗalibai nawa, kuma 'yan ajin baya wata nawa suka yi kafin su gama. Ka samu ɗalibi ka tambaye shi a gefe. Mu nan arewa ga hazo, in hunturu ya kama ƙura ta rufe gari ɗalibin da bai kai matakin na'urori ba sai ya share kwanaki yana kallon sama bai tashi ba, to ka saka wannan a lissafinka. In kuma waje kaje, ka sani lasin can sai an juya shi zuwa na gida, da jarrabawa da kuɗi da jira.

Yanzu mu zo kan littafin, tun ran gini ran zane, daga darasin farko zaka fara.

Kowane tashi layi ɗaya ne: kwanan wata, irin jirgin, lambarsa ta jiki (na Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar 5U), daga ina zuwa ina da haruffa huɗu na filin, Kano DNKN, Abuja DNAA, Zariya DNZA, Yamai DRRN, lokacin tashi da na tsayawa, sunan shugaban jirgin, sauka nawa kayi da rana nawa da dare, sai a raba awannin gurbi-gurbi. Lokaci kuma da agogon duniya ake rubutawa, UTC wanda muke cewa Zulu, mu Najeriya da Nijar muna gaba dashi da awa ɗaya. Kaga in jirgin alhazai ya motsa daga Kano ƙarfe 12:30 na dare ranar Talata ta shigo, a littafinka 23:30 ne na ranar Litinin, kwanan watan ma ya canza, kuma wallahi wannan ƙaramin abun ya sha rikita lissafin mutane da na kamfani.

Yaushe awa take fara ƙirguwa? A jirgi mai fiffike daga lokacin da ya fara motsi da niyyar tashi har ya tsaya cak a ƙarshen tafiya, wato daga cire waigi zuwa saka waigi, tafiyar ƙasa da jiran layi a bakin titi duk suna ciki. A helikwafta daga sanda farfela ta fara juyawa har ta tsaya. Manyan jirage na'ura ce take aika lokutan nan kai tsaye zuwa ofis, ƙananan na makaranta kuma akwai mita a ciki mai ƙirga awa kashi goma-goma, kuma anan nake so ka buɗe ido da kyau: 0.1 minti 6 ne, dan haka awa ɗaya da rabi 1.5 ce ba 1.3 ba. Ni kaina a watannina na farko na haɗa tsarin biyu a shafi ɗaya, wani layin da minti wani da ɗigo, sai da malamina ya zaunar dani muka bi layi-layi da takardun makaranta har dare kafin jimillar ta daidaita. In kana rubuta 1.3 a maimakon 1.5 minti 12 kake zubarwa duk tashi, tashi 50 ka zubar da awa 10 da mahaifinka ya biya da guminsa. Ka zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kai.

Dare ma ba da faɗuwar rana yake farawa ba, sai rana ta nutse digiri 6, a ƙasashenmu kamar minti 20 da 'yan kai bayan kiran magariba, kuma yana ƙarewa kamar haka kafin fitowar rana. In ka tashi Legas da la'asar sakaliya ka sauka Kano bayan isha, ba duka tafiyar bace dare, ɓangaren da ya faɗa cikin duhu kawai zaka sa a gurbin. Similata kuma, wato na'urar kwaikwayon jirgi, tana da nata gurbin daban, kar ka kuskura ka zuba ta cikin jimillar awannin sama, ana yarda da wani kaso nata wajen neman lasi, a ATPL bai wuce awa 100 ba, amma hukuma ce zata ƙirga maka ba kai zaka haɗa ba.

Gurbin da yafi kowanne jawo rigima shine PIC, shugaban jirgi. In kana tare da malami yana koya maka, awar koyo ce ko da kai ka riƙe sitiyari tun daga tashi har sauka. In ka tashi kai kaɗai, solo kenan, kaine shugaba. In kana kujerar dama a jirgin da dokarsa tace sai mutum biyu, awar mataimaki ce. Amma Amurka nasu tsarin daban ne, a can in kana da izinin irin jirgin kuma kai kaɗai kake sarrafa shi zaka iya rubuta PIC ko da wani ne ke da alhakin jirgin, har akwai yanayin da mutum biyu suke rubuta PIC a tashi ɗaya, ɗaya ya rufe ido da tabarau na koyon na'urori ɗaya yana duba masa hanya. Halal ne a dokarsu, amma Turai da ƙasashe da yawa basa ƙirga shi haka, su a wajensu shugaba ɗaya ne tak, wanda in abu ya faru shi za'a kira. To in a Amurka kayi karatu dan Allah ka ware gurbi na musamman tun a can, ka riƙa rubuta awannin da kaine shugaba na gaskiya daban, ranar da ka dawo ko ka nemi aiki a ƙasashen Larabawa zaka gode min. Haka gurbin na'urori, wani littafin yana tambayar lokacin da baka ganin waje ne kawai, wani kuma duk tafiyar da akayi da dokokin na'urori, abu biyu ne daban kar ka cakuɗa.

In kayi kuskure ja layi ɗaya a kai yadda za'a iya karanta na ƙasan, ka rubuta daidai a gefe ka sa hannu. Banda tifes, banda kankarewa, banda yage shafi, kuma da biro ba fensir ba. Duk shafin da ya cika ka haɗa jimilla ka ɗauko ta baya ka sa hannu. Kafin ka bar kowace makaranta ko kamfani ka tabbata an buga maka hatimi an sa hannu an baka takardar shaidar awanni, ranar da kake ciki ba bayan ka fita ba, domin a ƙasar nan kamfanin jirgi yana iya rufewa dare ɗaya, mun ga da yawa, kuma in ofis ya rufe babu wanda zai buga maka komai. Nasan wani abokin aiki da ya bar wani kamfani da rigimar albashi yace sai an biya shi zai koma karɓar takarda, kafin ya waiwayo an kulle ƙofa, ya daɗe yana bin tsofaffin kyaftin-kyaftin ɗaya bayan ɗaya suna sa masa hannu. Manhajojin waya irinsu LogTen ko ForeFlight suna sauƙaƙa lissafi sosai, nima ina amfani da ɗaya, amma na takarda yana nan, kuma duk shafin da na gama sai na ɗauki hotonsa na tura wa kaina ta imel, jaka tana ɓata, ruwa yana shiga ɗaki, gara ma tana cin takarda.

Sai maganar da take ci min rai, awannin biro. Wato mutum ya zauna a ɗaki ya ƙara wa kansa awa 50 ko 100 da bai tashi ba saboda kamfani yace sai mai kaza. Za'a baka shawarar nan, wataƙila ma wanda kake ganin girmansa ne zai baka, yace kowa haka yake yi. Kar ka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kowane jirgi yana da nasa littafin na injiniyoyi, hasumiyar filin jirgi tana da nata rikodin, lambar jirgin da ka rubuta ana iya dubawa a ga ranar yana gareji an sauke masa inji, kuma minti 20 a similata sun isa tsohon kyaftin ya gane hannun awa 300 da na awa 800. Kuma ba kanka kaɗai zaka cuta ba. A 2020 bayan jirgin kamfanin PIA na Pakistan ya faɗi a Karachi, ministan jiragen saman Pakistan ya faɗa a majalisa cewa matuƙa 262 cikin 860 akwai shakku a lasinsu, Turai ta rufe wa kamfanin ƙofa sai ƙarshen 2024 aka buɗe, masu gaskiyar cikinsu da ke aiki a wasu ƙasashe ma sai da aka dakatar da wasu ana bincike. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Bayanka akwai mutum ɗari da wani abu, da tsohuwa mai zuwa Makka karon farko, da jariri, sun miƙa maka ransu ne bisa abinda ka rubuta da hannunka.

To ka gama, CPL a hannu, awa 200, sai kuma me? Gaskiya nan ne wuri mafi wuya a duk tafiyar, yafi karatun wuya, domin akwai masu lasi da yawa a gida suna jira. Amurka ma tun 2013 basa barin mutum ya zauna kujerar dama a kamfanin fasinja sai da awa 1500, in banda sassauci ga tsofaffin sojoji a 750 da masu digirin fannin a 1000, dokar ta biyo bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan kusa da garin Buffalo a 2009 da ya ci rai 50. Abin lura, matuƙan jirgin nan su biyun duk sun haura 1500, kaga yawan awa kaɗai baya wadatarwa. Mu a nan da Turai ana iya ɗaukarka da 200, amma sai kana da taif retin, wato izinin tuƙa takamaiman jirgi kamar Boeing 737 ko Embraer 145, kuma dubunnan daloli yake ci.

Shawarata kar ka sayi taif retin sai kaga aiki a ƙasa, ko aƙalla ka duba jiragen da kamfanonin da ke ɗaukan mutane suke dasu yanzu, domin in ka saya ka zauna shekara baka tashi ba sai ka sake biyan kuɗin sabuntawa. In kamfani ne zai biya maka da sharaɗin ka yi musu shekaru kaza, ka karanta takardar da kyau ka kai wa lauya, ka san nawa zaka biya in ka tafi, kuma me zai faru in su suka daina biyan albashi. Masu cewa ka biya su kuɗi su barka ka tuƙa jirginsu da fasinja ka tara awa, ni bana goyon baya ko kaɗan, yana karya darajar aikin ga kowa.

Kowace hanya ka auna ta da gurbin da zata cika maka. Koyarwa a makaranta albashinta kaɗan ne amma duk awar da kake koyarwa PIC ce, kuma ba abinda ke gyara hannu kamar gyara kuskuren wani. Jirgi mai farfela ko ƙaramin jet na cikin gida, Kano Abuja ƙasa da awa ɗaya, sauka uku huɗu a rana cikin hazo da hadarin damina, wannan shine makarantar gaske ga sabon matuƙi kuma a irin waɗannan kamfanonin aka fi saurin zama kyaftin. Babban jirgi mai dogon zango kamar jigilar alhazai zuwa Jidda yana tara awa da sauri, tafiya ɗaya sama da awa huɗu, amma sauka ɗaya ce kuma ku biyu ko uku kuke rabonta, har sai ka riƙa lura da dokar tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, ga shi aikin na lokaci ne. Jiragen manyan mutane akwai kuɗi akwai hutu amma awa kaɗan ce a shekara kuma wayarka bata mutuwa, yana da kyau ga wanda ya riga ya tara, ga mai 300 kuwa zai iya shekara biyar bai kai ko'ina ba. Helikwafta ta kamfanonin mai a Fatakwal da Legas sana'a ce mai kyau amma lasinta daban awanninta daban, ka yanke shawara tun farko. Kuma ka sani akwai iyakar awannin da doka ta yarda ka tashi, Turai awa 900 a shekara Amurka 1000, wata ɗaya kuma kamar 100, dan haka daga 200 zuwa 1500 ko kullum kana sama sai kayi wajen shekara ɗaya da rabi, a zahiri yafi haka. A ɗaya ƙarshen kuma shekara 65 ake ajiye jigilar ƙasa da ƙasa, wanda ya fara a 30 bai makara ba.

In ka samu kujerar dama, tun watan farko ka tambayi shugaban matuƙa ko kamfanin yana da tsarin PICUS da hukuma ta amince dashi, wato shugabanci ƙarƙashin kulawa, inda kai zaka yi duk aikin kyaftin tun daga duba yanayi da lissafin mai har yanke shawara, shi yana zaune bai sa baki ba. In anyi haka a ranar zaka miƙa masa littafi ya sa hannu da lambar lasinsa a layin, kafin ku rabu a mota, domin bayan shekara biyu wataƙila yana Doha ko ya yi ritaya.

Ba'a fafe gora ranar tafiya, kar ka jira sai an kira ka intabiyu. Duk ƙarshen wata ka zauna da rostarka, wato jadawalin aikinka, da takardar awanni ta kamfani ka gwada su da littafinka, in akwai bambanci ko na minti biyar ne ka gano daga ina yake. Sannan ka ajiye shafi ɗaya a gaba mai taƙaita komai, jimilla, PIC, PICUS, mataimaki, dare, na'urori, inji biyu, jet, da awannin kowane irin jirgi daban, da na kwana 90 da wata 12 da suka wuce, ka saka 'yar alama a shafukan da aka yi maka jarrabawa da inda aka buga hatimi, yadda mai dubawa zai buɗe ya samu ba sai ya tambaye ka ba.